Kunnen Mai Gyaran Rediyo

Ni ba na kiran sunan mijina, ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido. Amma duk Magarya ta san shi da Hambali mai rediyo, to ga shi na faɗa sau ɗaya, ya isa. A wancan zamani, daga Bande har Dogo-Dogo, in rediyon mutum ya yi shiru wurin Maigida ake kawo shi. Samarin da suka yi lakkol, wato makarantar boko, suna ce masa Metir, malam ke nan da Faransanci, shi kuma yana jin daɗin sunan fiye da yadda yake nunawa.

A bazarar 1977 sanƙarau ya kayar da shi. Ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, ya tashi, amma jinsa bai taso tare da shi ba. Kunnen hagu ya mutu murus. Na dama kuwa sai ka kafa baki a kansa ka yi ihu sannan ya tsinci wani abu. Ranar da muka dawo gida ya rufe ƙofar ɗaki, ya zaunar da ni.

"Barakatu," ya ce, "in maganar nan ta fita ƙofar gidan nan, mun gama cin abinci da wannan sana'a. Ba wanda zai ba kurma gyaran rediyo."

Gaskiya ya faɗa. 'Ya'yanmu uku, duk ƙanana, kuma ba mu da ko taƙi ɗaya na gona sai rabonsa da ke hannun wansa a Bande. Saboda haka ya kwashe kayansa daga rumfar kasuwa ya dawo gida, ya ce likita ya hana shi zaman rana. Mai rediyo zai yi sallama a zaure, Maigida ya zuba wa bakinsa ido, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ajiye. Jibi." Dama can ba mai yawan magana ba ne, ga saurin hasala, sai mutane suka ɗauka ciwo ne ya ƙara masa miskilanci. Ni kuwa ina tsaye bayan ƙofa ina sauraren abin da mai kaya ya ce yana damun rediyonsa. In ya tafi sai in tsaya gaban Maigida in maimaita a hankali, yana karanta leɓena.

Sauran aikin a ɗaki muke yi. Zai buɗe rediyo, ya auna da mitarsa mai allura, ya ɗora ƙarfen dalma a kan gawayi. Duk abin da ido da mita za su iya, ba mai kama ƙafarsa. In aka zo wurin da sai da kunne, sai in tsaya bayansa in dafa kafaɗunsa. Yana juya sukuru da turnabis, in sauti na gyaruwa in matsa ta dama, in yana lalacewa in matsa ta hagu, in ya kai in matsa duka biyun. Shi ke nan yarenmu. Wata takwas muna haka, ko rediyo ɗaya ba a dawo mana da shi ba.

A wata takwas ɗin nan bai taɓa ce mini sannu ba. Bai kuma taɓa gaya mini amfanin ko waya ɗaya ba. In na yi tambaya sai ya ce, "Kunne nake so, ba baki ba." Abin yana ci mini rai, amma ina son aikin, ba zan ɓoye ba. Na san cututtukan rediyo kamar yadda na san na 'ya'yana. Wanda na fi tsana shi ne sautin nan da ke tafiya yana dawowa, muryar mai labarai ta riƙa lanƙwasa tana shuuu, kamar ya sa kansa cikin tulu ana juyawa. Tun makon farko Maigida ya ce mini duk inda na ji wannan, hagu ce, kada in yi wata-wata.

To, akwai wani Baƙo, ɗan Dungas, shi ke kaɗa gita a ƙungiyar kiɗan samarin garinmu. Wando mai faɗin ƙafa, gashi a tsaye, baƙin tabarau ko da hadari ya rufe rana. Kafin ciwon Maigida, wani malamin lakkol ya kawo masa mujallar Faransa mai zanen wani akwati da ake kira fazar, wanda ake sawa tsakanin gita da ampili, wato na'urar ƙara sauti, a taka da ƙafa ya canza sautin. Maigida ya aika Kano aka sayo masa taransisto talatin, ya yi mako yana aunawa har ya sami huɗu masu hali ɗaya, ya haɗa abin a cikin gwangwanin dafa allura da asibiti suka yar. A duk ƙasar Damagaram ba mai irinsa sai Baƙo. Ni dai labari nake ji, don a kasuwa aka haɗa shi, a gidan samari ake kaɗa shi, ni kuwa ba inda nake zuwa cikin biyun.

Ranar da Baƙo ya dawo da akwatin ina gidan suna. Ita ce rana ɗaya tak da ban tsaya bayan ƙofa ba. Daga baya na ji cewa an zaɓi ƙungiyarsu za ta je gasar matasa a Damagaram, shi kuma ya ji wani faifai daga Nijeriya inda sautin ya fi nasa zurfi, shi ne yake so a ƙara masa. Maigida ya gane bukatar, don Baƙo da hannu yake rabin maganarsa. Da na dawo na tarar da gwangwanin a buɗe a kan tebur.

"Me ke damunsa?" na tambaya.

"Ba ruwanki. In na kira ki, ki tsaya inda kike tsayawa."

Kwana biyu ya yi a kansa, kuma rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin asibiti. Ya shimfiɗa mujallar, ya yi zane a bayan kwalin sukari, ya goge, ya sake. A ƙarshe ya ɗauko wata 'yar ƙwaya mai zobba uku, ja da ja da ruwan lemo, ya dalmace ta ta yadda sautin da ya kai ƙarshen hanya zai komo baya ya sake bi. Saura abu ɗaya, wani ɗan sukuru a tsakiyar allon wayoyin akwatin da mita ba ta iya faɗin inda zai tsaya. Wannan sai kunne. Baƙo bai bar gitar ba, ta ƙungiya ce, sai Maigida ya jona akwatin da rediyonmu na gida, ya kama tashar Yamai, ya kira ni.

Ina dafa kafaɗunsa na ji abin. Ban taɓa jin rediyo ya lalace haka ba. Muryar mai labarai tana nitsewa tana tasowa, tana murɗewa, shuuu ɗin nan har cikin haƙorana. Na matsa hagu da ƙarfi.

Ya juyo ya dube ni. "Kin tabbata?"

Na ƙara matsawa, har da farce. Ni za a tambaya ko na tabbata, bayan wata takwas?

Ya ɗora mita, ya ga allura tana zuwa tana dawowa yadda ya kamata, hankalinsa ya kwanta. Ya ci gaba da juya sukurun. Cutar ta fara raguwa, na matsa dama. Ya ƙara, ta ƙara raguwa. Can sai murya ta fito garau, ba ko ɗigon lanƙwasa. Na matsa duka biyun.

"Ya fito sosai?" ya ce.

Na zagayo gabansa don ya ga bakina. "Tar," na ce. "Ka yi aiki."

Ya yi ɗan murmushi, ya rufe gwangwanin. Ni ma ranar da farin ciki na yi tuwo.

Baƙo ya zo ranar kasuwa bayan la'asar, shi da Ado mai ganga, sun ɗoro ampili da batirin mota a amalanken jaki. Ba su iya zuwa shiru ba, ai mawaƙa ne. Kafin su sauke kaya zauren ya cika. Akwai Ɗantsoho dillalin shanu da ya zo karɓar rediyonsa, da mutanen ƙauye huɗu ko biyar da suka kawo nasu, da 'yan kallo har bakin hanya. Na tsaya wurina, ina leƙe ta tsagar ƙofa.

Baƙo ya jona wayoyi, ya daki tsirkiya, gita ta amsa. Ya taka akwatin. Sautin bai canza ba. Ya sake takawa, ya sake. Gita ce dai kamar yadda take, da akwatin da babu duk ɗaya.

Maigida yana tsugune gefe yana kallon hannun Baƙo. Sai ya fara kaɗa kai, ya ɗaga hannunsa yana kai shi yana dawo da shi a hankali, daidai tafiyar allurar mita.

"Ka ji shi?" ya ce, yana dariya. "Ka ji zurfin nan? Na faifan naka ya kai wannan?"

Na bi hannun da ido. Hannun nan nasa da ke tafiya yana dawowa, shi ne abin da na yi ta matsa hagu a kansa.

Baƙo ya cire tabarau. Ya dubi Ado, Ado ya dube shi. Da mutumin kirki ne, da ya ja Maigida gefe. Amma Baƙo mutum ne da in ya ga taro sai ya yi wasa. Ya sa ɗan yatsa ya murɗe sautin gitar gaba ɗaya, ampili ya yi tsit, shi kuwa ya ci gaba da dukan tsirkiya yana girgiza kafaɗa yana lumshe ido. Ba abin da ke tashi sai ɗan ƙas-ƙas na farce.

"Yanzu fa, Metir?" ya ce, yana buɗe baki sosai.

"Yauwa!" in ji Maigida. "Nan ne ya fi daɗi. Riƙe shi a nan."

Wani ya tuntsire da dariya a bakin ƙofa, sai ya toshe baki. Baƙo ya ɗaga hannu a yi shiru. Ya nuna wa Maigida akwatin kamar yana so ya duba masa wata waya, Maigida ya sunkuya a kai. Sai Baƙo ya zagaya bayansa.

"Metir," ya ce da murya ta sosai, "gidanka na cin wuta."

Maigida yana ta gyara waya.

"Metir, jakin da ya kawo mu ya ce a ba shi rumfarka, ya fi ka kunne."

Zauren ya ɗauka. Ado har da faɗuwa jikin bango. Ɗantsoho, dattijo da furfurarsa, wanda Maigida ya gyara wa rediyo ya fi sau biyar, ya ɗauki murfin kwano biyu na almajiran maƙwabta da aka bari a dakali, ya buga su a bayan ƙeyar mijina. Ko gezau. Ɗantsoho ya juya ga jama'a ya buɗe hannu. "Jama'a, kurma muke kawo wa rediyo! Wallahi gara mu kai wa makaho ɗinki."

Ina tsaye ina gani. Da na so, da na yafa mayafi na fito na ja hannunsa. Ban fito ba. Kunya ta riƙe ni, da tsoro, kuma ƙafafuna sun san laifin da na yi tun kafin kaina ya gama ganewa.

Ya gama da wayar ya ɗago yana murmushi, sai ya ga bakuna a buɗe, kowa na nuna shi. Ya dubi Baƙo. Baƙo ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa ya yi wata magana, aka sake fashewa. Na ga murmushin ya tsaya a fuskar Maigida ya rasa inda zai je. Ya dubi ampili, ya ɗora tafinsa a kan lasifikar, ya ce wa Baƙo ya kaɗa. Baƙo ya kaɗa. Ba abin da ya motsa a ƙarƙashin hannunsa.

Ya miƙe ya banko ƙofa, saura kaɗan ta buge ni. Kurma bai san ƙarfin muryarsa ba, kuma ranar ko ya sani ba zai rage ba.

"Ke kika ce ya fito!" ya ce. "Ke kika ce tar! Wata takwas ina jingina da kunnen jaka! Na ɗauko ki daga bayan shanu, ba abin da kika sani sai kukan maraƙi, na tsayar da ke a bayana kamar mutum!"

Kowace kalma ta isa zaure. Na ji wani ya ce, "Af, ashe matar ce Metir ɗin," aka yi wata sabuwar dariyar. Sirrin da ya ce kada ya fita ƙofa, shi da bakinsa ya kai shi har bakin hanya, ya haɗa da ni. Sannan ya kama kunnena na dama ya murɗa, yana cewa, "Wannan? Wannan ne kunnen?" Ɗan kunnena ya tsaga fatar ya faɗi ƙasa. 'Ya'yana suna bakin madafa suna kallo.

Yana riƙe da kunnena sautin ya taso.

Baƙo ya taɓa ganin Maigida yana juya sukurun nan lokacin da aka fara haɗa akwatin. Ya buɗe murfin, ya sa bakin wuƙar Ado, ya mayar da shi baya kaɗan. Cutar nan ce dai da na kora, amma a kan gita ba cuta ba ce. Sautin ya riƙa buɗewa yana rufewa, ya nitsa can ƙasa har ka ce ya tafi, sai ya taso yana sheƙi ya zagaye zauren. Tsigar jikina ta tashi, jini na bin wuyana. Dariya ta ɗauke. Ba wanda ya yi ko tari har Baƙo ya tsaya.

"La'ilaha illallahu," in ji Ado. "Wannan ai ya fi na faifan."

"Kun dai gani da idonku," in ji Baƙo. "Ni na gyara abina da bakin wuƙa."

Maigida ya ba zaure baya, ni yake fuskanta, bai san an yi ba. Ya sake ni ya shige ɗaki.

Kafin rana ta faɗi an kwashe rediyo goma sha ɗaya daga zaurenmu, har waɗanda muka riga muka gyara suna aiki lafiya. Ba wanda ya yi sallama. Ni na riƙa miƙa su ta bayan ƙofa, da tsumma a kunne.

Gab da magariba ya fito ya zauna a kan turmi. Ya yafito ni, na zo na tsaya. Muryarsa ta yi ƙasa. A karon farko tun da muka fara aiki tare, ya yi mini bayani. Ya ce akwatin aikinsa ke nan, ya sa sauti ya riƙa tafiya yana dawowa. Ya gaya mini abin da 'yar ƙwayar nan mai zobba uku take yi, da dalilin da ya sa ya zaɓe ta ba wata ba. Ya yi bayanin da kyau, na kuma gane tsaf. Da ya yi mini shi kwana uku kafin nan, da ko minti biyu bai ci ba. Bai ce in yi haƙuri ba. Ko kunnen nawa bai kalla ba.

"Da na shigo," ya ce, "sun sake gwadawa?"

Na gyaɗa kai.

"Baƙo ya san sukurun. In ya mayar da shi wurinsa... Ƙwayar da na ƙara, ba a cikin mujalla take ba, Barakatu. Ni na yi lissafinta da kaina. In ta yi aiki, to kaina da hannuna suna nan, kunne kaɗai ya tafi. Akwai masu haɗa ampili a Kano, aikinsu duk na mita ne, sun taɓa nemana. Sai mu tafi can." Ya ɗago ya zuba wa bakina ido. "Ya fito?"

Kunnena yana zafi kamar an ɗora masa garwashi. Dariyar mazan nan tana kaina, da kalmar jaka, da idon 'ya'yana. Na matso inda sauran hasken rana zai faɗa a fuskata, na yi magana a hankali, ina fitar da kowace kalma yadda ba zai rasa ko ɗaya ba.

"Sun juya har sun gaji. Bai fito ba. Baƙo ya ce ka kashe masa akwati."

Ya daɗe yana kallon leɓena. Sannan ya ce in maimaita. Na maimaita.

Bai sake ɗora ƙarfe a kan gawayi ba. Kafin ruwan farko ya ba da mitar da mujallar ga malamin lakkol ɗin nan, muka koma Bande, ya karɓi gonarsa daga hannun wansa. A can ba mai yi masa doguwar magana, sai nuni da hannu, a nuna masa abinci, a nuna masa hanya. Labarin duniya duk ta bakina yake samunsa. Na yi niyyar gaya masa in fushina ya huce. Fushin ya huce cikin mako biyu, sai kuma tsoro ya maye gurbinsa, don kullum ƙaryar tana ƙara tsada. Haka muka yi shekara shida har Allah ya karɓi abinsa.

Ƙungiyar su Baƙo ta je Damagaram ta yi abin kirki, aka ɗauki kiɗansu, gidan rediyo ya riƙa sawa. Wata safiya a damanar farko ina daka a tsakar gida, Maigida yana zaune a tabarma yana ɗaure ƙotar fartanya, sai rediyon maƙwabta ya saki gitar nan ta kan danga. Tana buɗewa tana rufewa, tana nitsewa tana tasowa, daidai yadda na ji ta a zaure. Ban san na tsayar da taɓarya ba sai da na ga yana kallona. Ya bi inda na karkata kai, ya hango eriyar rediyon ta saman danga.

"Me ake sawa?" ya ce.

Na juyo masa da fuskata sosai. "Labarai ne," na ce, na ci gaba da daka.